Wace sakandaren gwamnati ce ta fi a Kaduna? Amsa ga wata uwa daga Badarawa

"Assalamu alaikum Malam. 'Yata za ta gama aji 3 na ƙaramar sakandare bana, ƙaninta kuma yana aji 1. Ba mu da halin makarantar kuɗi, ta gwamnati za su ci gaba. An turo mana wani jeri a WhatsApp da aka ce na sakandaren gwamnati ne na Kaduna, kowace an sa mata kason waɗanda suka ci WAEC. Na ga makarantun kwana da na kimiyya a sama, irin namu na unguwa kuwa can ƙasa. Maƙwabciyata ta ce ai makarantun ƙetaren Kogin Kaduna sun fi namu saboda irin yaran da ke cikinsu. Shin haka ne? Ta yaya zan gane makarantar da ta fi, kuma irin yaran da ke aji yana shafar karatun nawa? Ita yarinyar aikin jinya take so."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. In na fahimce ki, kina son sanin ko jerin nan abin dogaro ne, sannan ko gaskiya ne irin yaran da ke cikin makaranta su ke ɗaga ta ko su kayar da ita, har abin ya taɓa naki. Na sha jin wannan tambaya daga bakin iyaye, galibi a watannin da sakamako ke fitowa, kuma na ji daɗi da kika tsaya tambaya kafin ki cire yarinya daga inda take.

Na koyar da Lissafi shekaru masu yawa a makarantun gwamnati, biyu na jeka-ka-dawo a cikin garin nan, ɗaya ta kwana a waje. Daga baya aka mayar da ni aikin zagayen duba makarantu. A nan ne nake zama da rijistar aji a hannun dama, takardar sakamako a hannun hagu, ina duba ko sun gaskata juna, kuma sau da yawa ba sa gaskatawa. Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, kason cin jarabawa ya fi ba da labarin wa aka ɗauka da wa aka bari ya zauna jarabawar, fiye da labarin abin da aka koyar a aji.

Makarantun gwamnati ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne

Da an ce "ta gwamnati" sai mutane su ɗauka duk abu ɗaya ne. Ko kusa. Akwai tsofaffin makarantu masu dogon tarihi. Kwalejin Barewa an kafa ta a Katsina a 1921, ta dawo Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, kuma daga cikinta su Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa suka fito. Akwai Alhudahuda a birnin Zariya, da Kwalejin Gwamnati ta Kurmin Mashi, da ta Tunawa da Sardauna. Akwai kuma waɗanda asalinsu na mishan ne, gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970, zamanin Jihar Arewa ta Tsakiya, ta sauya musu suna: Kwalejin Rimi, da Sarauniya Amina ta Kakuri, da Kufena ta Wusasa duk daga nan suke. Irin waɗannan suna da fili, da tsohon ɗakin gwaje-gwaje, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da kan tara kuɗi su gyara aji ko su haƙa rijiyar burtsatse. Makarantar unguwa da aka buɗe saboda jama'a sun yi yawa, wani lokaci ma a harabar firamare ta fara, ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan gadon.

Sai makarantun kimiyya da na fasaha, waɗanda ba a shigarsu sai an zaɓi yaro ta hanyar jarabawa. Sai kuma waɗanda a baki na gwamnati ne amma ba na jiha ba, kamar Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Malali, da makarantun sojoji. Su ma jarabawa ake yi kafin a shiga, kuma akwai kuɗaɗen da iyaye ke biya waɗanda suka fi ƙarfin gidaje da yawa. In kika ga ɗaya daga cikinsu a jerinki an jera ta da makarantar unguwarku, to tun daga nan mai jerin ya haɗa abin da bai haɗu ba.

Makarantar da ta tace yara, ta ɗebi na gaba-gaba daga ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, ta killace su dare da rana da lokacin nazari na dole, dole sakamakonta ya yi kyau. Ba raina aikin malamanta nake yi ba, na zauna cikinsu na san suna wahala. Amma wanda aka ba zaɓaɓɓen iri da fadama, ba a gwada buhunansa da na wanda aka ba duk abin da ya rage a rumbu da jigawa.

Abin da kaso yake ɓoyewa

Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, wato daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, F9 kuwa faɗuwa ce. Tambaya ta farko ga kowane jeri ita ce wane ma'auni ya yi amfani da shi, don wasu makarantu kan ce "kashi 90 sun ci" alhali kiredit 5 suke nufi ko da babu Lissafi a ciki, ko ma duk wanda bai sami F9 ba. Ta biyu, wace jarabawa kuma ta wace shekara? Akwai WAEC, akwai NECO, makarantun fasaha na yin NABTEB, na Larabci da addini na yin NBAIS. Yara da yawa a makarantun jiha ɗaya kawai suke zaunawa saboda kuɗin rajista, kuma ba lalle WAEC ba ce. Makarantar da mafi yawan yaranta NECO suka yi, 'yan kaɗan masu hali suka yi WAEC, kasonta na WAEC labarin 'yan kaɗan ɗin nan ne kawai.

Amma babban ramin yana wajen adadin waɗanda suka zauna. Bari in ba ki misali da lissafi, ba na wata makaranta ta gaske ba. A ce makarantu biyu kowace ta ɗauki yara 400 a aji 1 na babbar sakandare. Ta farko, kafin a kai ga jarabawa an yi ta zubar da yara, wasu an ce su maimaita, wasu an ce su nemi wani wuri su yi rajista, har suka rage 150. Cikinsu 105 suka ci, sai ta buga ƙirji ta ce kashi 70. Ta biyu ta riƙe yaranta, 340 suka zauna, 153 suka ci, kashi 45 ke nan. A jerin WhatsApp ta farko ce a sama. Amma cikin yara 400 da iyaye suka miƙa wa kowace, ta farko ta fitar da 105, ta biyu ta fitar da 153. Ke a matsayinki na uwa, wacce ce ta fi kula da amanar da aka ba ta?

A shekarun da nake aji, jarabawar kwalifayin, wato ta tantancewa kafin rajistar jarabawar ƙarshe, da ake yi wa 'yan aji 2 na babbar sakandare tana yin wannan tacewar. Wanda ya haye shi ke da tabbacin rajista, wanda bai haye ba sai iyaye su nemo kuɗi ko ya haƙura. Yaro nawa na gani sun yi shekara shida a sakandare sun fita ba su zauna ko jarabawa ɗaya ba. Ba sa cikin kason kowa, domin ba a lissafa wanda bai zauna ba.

Sai kuma maganar da ba a son yi a fili. Na taɓa zuwa wata makaranta a wajen gari wadda sakamakonta ya ba kowa mamaki. Na buɗe rijistar aji 2 ta shekarar da ta gabata, na ga sunaye ba su cika shafi biyu ba. Na buɗe jerin waɗanda suka zauna jarabawa, ya ninka hakan fiye da sau uku. Na tambayi wani yaro ɗan garin ko ya san waɗannan, ya ce, "Malam, baƙi ne, lokacin jarabawa suke zuwa." Daga cikin gari iyaye suke kwaso su su yi musu rajista a can, saboda an san a can ana sakin hannu. Wannan shi ake kira mirakul senta, kuma ba makarantun kuɗi kaɗai ke yi ba. Illarsa biyu ce ga jerinki: makarantar da aka kwaso yaran daga cikinta ta rasa su, wadda aka kai su kuma ta hau sama da sakamakon da ba a ajinta aka koya ba. Hukumar jarabawa kan riƙe sakamako ko ta soke shi, takan kuma janye amincewarta daga cibiya. Ko an tsira daga wannan, JAMB na jira a gaba da kwamfuta, maki 400, ba mai faɗa wa yaro amsa. Na ga yara masu B a Lissafi sun kasa haɗa firakshan biyu masu mabambantan lambar ƙasa, irin rabi da sulusi. Don Allah, Hajiya, duk wanda ya ba ki shawarar kai yarinya irin wannan wuri a aji na ƙarshe, ki ce masa a'a. Mai son aikin jinya za ta auna magani wata rana, kuma ran mutum ne a hannunta.

Ƙari a kan haka, sakamakon shekara ɗaya ba ya nuna halin makaranta. A sauya wa malamin Lissafi guda ɗaya wurin aiki, kaso ya faɗi ƙasa warwas. Sai an jera na shekara 3 zuwa 5 kafin a ce an ga fuskarta.

Maganar ƙetaren kogi

Maƙwabciyarki ta taɓo abu mai tushe, amma ta ɗauko shi ta wutsiya. Kowa a garin nan ya san tun bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002 zama ya rabu. Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, su Rigasa, Tudun Wada, Kawo, Badarawa, Hayin Banki, Kirista kuma a kudu, su Sabon Tasha, Narayi, Television, Romi, Gonin Gora. Makarantar jeka-ka-dawo daga unguwarta take ɗibar yara, don haka ita ma ta rabu. Lokacin da na fara koyarwa, a benci ɗaya za ki ga Bahaushe da ɗan Bajju da Bayarabe da Bagwari, suna aron biro suna cin abincin juna ranar salla da ranar Kirsimeti. Yanzu akwai makarantun da yaro zai gama bai taɓa zama da wanda ba addininsu ɗaya ba. Wannan hasara ce babba, kuma ba za ki gan ta a kowane jerin sakamako ba.

Akwai kuma tarihi. Turawan mulki sun taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, suka bar su suka yi aiki sosai a yankin da yanzu muke kira Kudancin Kaduna. Saboda haka akwai gidaje da yawa a can da kaka ma ta yi boko, uwa malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti, ana jin Turanci a gida da coci. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya shigo aji da guzuri, tunda da Turanci ake rubuta kusan kowace jarabawa in ban da ta harsuna. To amma ki lura, abin da ke aiki a nan shi ne karatun iyaye da jin Turanci tun da wuri. Ba jini ba ne, ba ƙabila ba, ba addini ba. Ɗan Bahaushen da uwarsa ke duba littafinsa da dare, da ɗan Katab ɗin da uwarsa ke yin haka, a gefe ɗaya na takardar sakamako nake samunsu. Waɗanda ba mai duba nasu su ma a gefe ɗaya suke, ko daga wane ɓangaren kogi suka fito. Na shiga azuzuwa a kudancin kogi da cunkoso da rashin malami da yaran da ba sa iya karanta jimla, daidai da abin da na baro a arewa. Ki tuna Kakuri da Makera, inda masaƙu suka durƙushe dubban magidanta suka rasa aiki. Talaucin da ya biyo baya bai tambayi kowa addininsa ba, kuma ya shiga aji tare da yaran.

Yaranmu ma suna da nasu guzurin da ba a cika ambata ba. Wanda ya saba da hadda a Islamiyya ya san zama a kan abu har ya zauna a ka, ya san ladabin malami. Na sha cin moriyar wannan wajen koyar da ƙa'idojin Lissafi. Abin da ake buƙata shi ne a tsara lokaci, kada yaro ya fita tun asuba ya dawo bayan isha'i ba shi da ko rabin awa na buɗe littafin boko.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne sunan unguwa. Makarantar gwamnati da ke cikin unguwar masu hali ba 'ya'yan masu halin ne a ciki ba. Nasu suna makarantun kuɗi. Waɗanda ke ciki 'ya'yan masu gadi ne da direbobi da masu aikin gida, da waɗanda suka tako daga unguwannin da ke kewaye. Wannan ficewar masu hali da 'yan boko daga makarantun gwamnati, ita ce a ganina ta fi kowane bambancin ƙabila yi mana illa, domin iyayen da in sun yi magana ake ji a Ma'aikatar Ilimi ba su da yaro ko ɗaya a ciki.

Idan za ki tambayi "irin yaran" da ke makaranta, ga abin da ya kamata ki tambaya: daga wace firamare suka zo, nawa ne ke iya karatu ranar da suka shigo, tafiyar minti nawa suke yi, me suke yi bayan an tashi. Ina tuna wata yarinya a ajina da kullum sai an kusa gama darasin farko take shigowa, hijabinta na ƙanshin man suya. Ita ke kai ƙosan mahaifiyarta bakin titi tun da sassafe, sai ya ƙare take zuwa. Kuma babu wanda ya kai ta Lissafi a ajin. Da na gane haka na roƙi a mayar da darasina bayan tara a ranaku biyu na mako. Akwai wani kuma da ke barci a bencin baya, ashe daga makaranta kasuwar Panteka yake wucewa wajen maigidansa sai dare. A takarda, dukansu za a ce "yaran unguwa, ba sa ƙoƙari".

Kada kuma a manta da abin da wannan zubin na yara ya ratsa. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarabawa, 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su aka shiga ɗaukar sababbi. Ko me mutum zai ce game da matakin, ya nuna halin da firamare take ciki, kuma an yi watanni wasu azuzuwan ba su daidaita ba. Ciyarwa a firamare da karatu kyauta sun jawo yara da yawa cikin makaranta, abin alheri ne, sai dai azuzuwa da malamai ba su ƙaru da saurin da yaran suka ƙaru ba. Sai ga rufe makarantu na korona a 2020. Yaran da suka bi ta cikin duk wannan su ne suka cika sakandare a 'yan shekarun nan. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar sakandare ita ce firamare.

Shin abokan aji suna shafar naki? Suna shafa, ba zan ɓoye miki ba. Malami yana tafiya ne da saurin mafi yawan ajin. In rabin aji ba sa iya karanta tambaya, mai iyawa zai zauna jira. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami 1 ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, ni kuwa na koyar da ajin da ya haura 100, na gaba a ƙasa dab da allo, ba hanyar da zan bi in kai ga na baya. A irin wannan aji ba a iya duba aikin gida yadda ya kamata. Amma tasirin abokai bai kai na malamin da ke zuwa kullum ba, bai kuma kai na ƙawaye uku ko huɗu da yarinya take zama da su ba. A cikin makarantar da jerinki ya sa a ƙasa, sau da yawa akwai ajin kimiyya guda ɗaya mai yara masu himma da malamai tsayayyu, wanda in aka ware sakamakonsa zai yi gogayya da na makarantun sama. Bambancin da ke tsakanin aji da aji a makaranta ɗaya yakan fi wanda ke tsakanin makaranta da makaranta.

Kwana ko jeka-ka-dawo

Kwana tana ba yarinya abin da gida ba ya iya bayarwa: lokaci. Ba talla, ba wanke-wanke, ba kuɗin Keke kullum, ga nazarin dare. A da, da na ce miki kawai ki nema mata. Yanzu dole a sa tsaro a gaba. An sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, an sace na makarantar Bethel Baptist a Yulin shekarar, sannan aka kwashi yaran Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun a Maris 2024. Bayan na Kuriga gwamnatin Uba Sani ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 da ke wuraren haɗari da waɗanda ke wuraren da suka fi aminci. Wannan ma yana canza lissafi, domin makarantar da ta karɓi yaran da suka yi zango ɗaya ko biyu a gida, kasonta zai sauka ba da laifin malamanta ba. In za ki zaɓi ta kwana, ki fifita wadda ke cikin gari mai katanga, wadda za ki iya zuwa ki dawo a wuni ɗaya, ki kuma ga ɗakin kwana da banɗaki da wurin ɗibar ruwa da idonki.

Yadda nake auna makaranta in na shiga

Gani ya kori ji. Ki zaɓi makarantu biyu ko uku da za ki iya kaiwa gare su, ki je ranar Talata ko Laraba, ba tare da kin sanar ba, wajen ƙarfe 8 na safe ko kuma bayan an dawo daga tara. Kafin ki shiga ofis ki ɗan tsaya ki saurara. Makarantar da ake karatu tana da irin sautinta, muryar malami ɗaya-ɗaya daga azuzuwa. Wadda ba a yi kuwa hayaniya ce ko'ina, yara a baranda da gindin bishiya. Ki ƙirga azuzuwa nawa ne ba malami a ciki. Wannan ƙirgen ya fi gaya mini gaskiya fiye da duk takardar da aka taɓa miƙa mini. Kada sabon fenti ya ɗauke miki hankali, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sannan ki nemi ganin firinsifal ko mataimakinsa mai kula da karatu, ki gaishe shi, ki ce ke uwa ce mai neman wa 'yarta wuri. Ki tambaye shi yara nawa suka shiga aji 1 shekara uku da suka wuce, nawa daga cikinsu suka zauna jarabawa bana, nawa suka sami kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. Shugaba nagari ba ya jin haushin wannan tambaya, yakan ma jawo fayil ya nuna miki. Tunda jinya take so, sai ta sami kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Don haka ki tambayi malaman waɗannan darussa biyar ɗaya bayan ɗaya: akwai shi, na dindindin ne, ko ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara, ko wanda ƙungiyar iyaye da malamai ke biya? Makarantu da dama Fiziks ne ke kayar da su, sai ki tarar malamin Lissafi ne ke riƙe da shi a kan nasa aikin. Ki roƙi a buɗe miki ɗakin gwaje-gwaje. In an daɗe ana neman makulli, ko kin ga ƙura a kan tebur da kwalabe babu komai ciki, to sai dab da jarabawa ake shiga.

Abu na ƙarshe da nake yi shi ne in ari littafin rubutu na yaro ɗaya daga tsakiyar aji. Ina duba kwanan wata, ko darasi na bin darasi ko akwai giɓin mako biyu, da jan biron malami, yaushe rabon da ya taɓa shafin. Ke ma za ki iya wannan ko da a unguwa ne, ki sa 'yar maƙwabta da ke makarantar ta kawo miki nata. Ki kuma tambayi matan da 'ya'yansu suka gama can shekara biyu da suka wuce, ina yaran suke yanzu.

Ba zan jera miki makarantu daga ta ɗaya zuwa ta goma ba. Makaranta takan canza cikin shekara biyu in an sauya shugabanta, kuma abin da na gani lokacin zagayena ba zai tsaya a madadin abin da za ki gani bana ba. Shawarata ta fi dacewa da cikin gari, inda uwa ke da zaɓi. A ƙauyen da sakandare ɗaya ce tal, maganar ta koma ta yadda iyaye za su shiga kwamitin makaranta su matsa a kawo malami. In kina son adadin ɗalibai da malamai a rubuce, gwamnatin jiha na yin ƙidayar makarantu, kuma ofishin ilimi na shiyya shi ne wurin tambaya.

Game da yarinyar, ki je wajen shugaban makarantarsu tun yanzu ki tambayi lokacin da ake cike fom na jarabawar shiga makarantun kimiyya, kada ya wuce ku, ta zauna ta gwada. In ta samu kuma wurin ya kwanta miki a rai ta fuskar tsaro, ki bar ta ta tafi. In ba ta samu ba, ki zaɓi ta jeka-ka-dawo mafi kusa da ke da malaman nan biyar, ki tabbata ajin kimiyya aka sa ta, ki rage mata aikin gida na awa biyu kowane dare. Ki fara ajiye kuɗin rajistar jarabawa kaɗan-kaɗan tun daga aji 1, kada ki jingina da cewa za a biya mata.

Shi kuwa ƙanin, yau da dare ki ba shi littafinsa na Turanci ya karanta miki sakin layi ɗaya da ƙarfi, sannan ya rufe ya gaya miki da Hausa abin da ya karanta. Ki sa yayarsa ta ba shi lissafin rabawa guda uku. In ya yi tuntuɓe, ki nema masa mai zama da shi rabin awa kullum a kan karatu da jadawalin sau, ko da ɗalibin babbar sakandare ne a layinku, kafin ya shiga aji 2. Allah ya ba su nasara, ya sa ki ci moriyarsu.